Bangon da Ke Gaban Gadon Kawu

Zuwa ga 'yar ƙanwata, Mai Gawayi,

Sallama da gaisuwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin naki da ya cinye ki har kika manta kina da kawu. Mu nan alhamdu lillahi, jiki da sauƙi. Hannu ne yake ɗan yi min gardama tun faɗuwar nan da na yi, harshe ma ya yi nauyi, shi ya sa na hana a riƙa ba ni waya ina yi wa mutane gwaranci. Taubashiyarki ce ke rubutawa, in kin ga kuskure nata ne.

Yayanku ya ɗauko ni daga gidana ya kawo ni nasa, ya sa ni a ɗakin baya. Allah ya saka masa, ba abin da na rasa. Sai dai tagar ɗakin ɗaya ce, tana can sama bayan kaina. Abin da ke gabana bango ne. An shafe shi da wani fenti da ba fari ba, ba ruwan ƙasa ba, irin launin da mai fenti ke haɗawa in ya ƙosa ya tafi gida. Akwai makunnin fitila, da wata siririyar tsaga da ta taso daga ƙasa ta gaji a hanya. Na haddace tsagar nan, na san duk inda ta karkace. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan tsani ina ƙawata bangon mutane da allunan shagunansu, yau ga bango ya sa ni gaba, ba yadda zan yi da shi.

Ina so ki zana min abin da za a ɗora a kai. Tsohon abokin aikina zai zo ya shafa, hannunsa na nan da kyau, kansa ne ba ya haifar da komai. Kada ki sa rubutu, na gaji da haruffa. Sauran kin sani, ni na koya miki tun kina ɓata mana katanga da gawayi uwarki na bin ki da tsintsiya: layi ya ja ido, launi ya riƙe shi, a bar fili ya yi numfashi, a ba idon masauki guda inda zai sauka ya huta. Abin da na fi so kuwa, ki ba idon hanyar fita. Duk inda na kai dubana a ɗakin nan, dawowa yake yi ya same ni.

Kada ki yi gaggawa, kada kuma ki yi irin naki.

Kawunki.

Ke kuma 'yar gwaggo, ni ce Sakatariyar dole. Na rubuta abin da aka ce in rubuta, na bar abin da aka ce in bari. Ki aiko da zanen nan don Allah, ko na huta da labarin tsaga.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ni ma lafiya, sai ciwon wuya na sunkuyo. A gaida Yaya da iyalinsa. A gaida Sakatariya, a ce mata rubutunta har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Ka yafe min jinkirin. Da na karanta zancen bangonka dariya na yi, daga baya na daina, don mu ɗakin da muke aiki ba taga ko ɗaya. Da gangan aka yi shi haka, wai hasken rana na canja launi, safe daban, yamma daban. Fararen fitilu ne a kanmu daga shiga har fita, sai ka fito ka tarar an yi ruwa an ɗauke ba ka sani ba. Kamfanin labule da zannuwan gado ne. Wasu ke zana furen, ni nake haɗa bakinsa, yadda in an maimaita shi a kan yadi ba wanda zai gane inda ya ƙare da inda ya sake farawa. Masaukin idon da ka koya min, a nan laifi ne. In wani ganye ya fi 'yan'uwansa jan ido, shugabar sashenmu sai ta zagaye shi da jan biro ta ce, "Wannan ya cika surutu, a rufe masa baki." Shi ya sa da na zauna yin naka hannuna ya ƙi. Duk abin da na fara sai in ga ya haifi ɗan'uwansa a gefe.

Na nemi hutu, an ce sai littafin samfur na bana ya fita. Bara ma haka aka ce, da ya fita aka fara na gaba.

Ga zanen nan cikin ambulan. Hanya ce ta taso daga kusurwar hagu, ta lanƙwasa, ta ɓace a bayan tudu. Itace ɗaya a dama don nauyin ya daidaita. Jan bokiti a bakin hanya, shi ne masaukin. Ƙasan na yi shi da duhu sosai don ya ɗauki saman, kamar yadda kake yi. A faɗa wa mai fenti ya sa inda sama ta haɗu da ƙasa daidai idon mutum a tsaye. In an gama, ka tsaya a bakin ƙofa ka fara kallo daga can, sannan ka tako a hankali zuwa tsakiyar ɗaki, za ka ji hanyar na jan ka.

'Yarka, Mai Gawayi.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Shiru ya yi yawa. Yaya ya ce min a waya an shafa, ya yi kyau, daga nan ya shiga zancen motarsa. Kai kuwa ba ka ce komai ba, kuma na san shirunka. Haka kake yi wa allon da ka raina, ka dube shi ka tambayi mai shi ya gida.

In bokitin ne ya yi maka wasan yara, ka faɗa. In kuma don na gaya maka abin da nake yi a kamfani ne, ka ga wahalarka ta ƙare a haɗa bakin fure, to ni ma ba daɗinsa nake ji ba. Raina ya ɓaci, Kawu, ba zan ɓoye ba. Tun da na zo ƙasar nan, wannan ne abu na farko da na zana mai farko da ƙarshe. Ko zagi ne ka aiko, ya fi min wannan shirun.

Mai Gawayi.

*

'Yar gwaggo,

Gaisuwa a taƙaice, yau ba da wasa na zo ba. Mu masu ƙafa lafiyarmu ƙalau. Baba bai san da takardar nan ba, in ya ji zai cinye ni ɗanya. Ya ci, da ma ba ya cin abincin kirki.

Baba ba ya tsayuwa. Ba ya zama ma, in an jingina shi jiri ke kwasarsa. Ɓarin hagu gaba ɗaya ya tafi. A rigingine kuma sarƙewa yake yi, don haka yawanci a gefen dama yake kwance, fuskarsa ga bangon nan. "Jiki da sauƙi" da kika karanta, shi ya ce in rubuta, har ya sa na maimaita masa ya tabbatar ban ƙara komai ba. Ya ce kina da naki ɗaurin, kada a ƙara miki.

Da na zo wurin "ka tsaya a bakin ƙofa" na so in tsallake, amma kin san shi. Ya ce, "Kin haɗiye layi, koma baya." Na karanta. Sai ya ce, "Ashe yarinyar nan ba'a ta koyo a can." Na ce, "Baba, ba ta sani ba, kai ka hana a faɗa." Ya ce in fita in ja ƙofa.

Duk da haka ya sa aka kira mai fenti, aka yi yadda kika ce, ba a kauce ba. Wallahi in ka shigo daga ƙofa abin gwanin sha'awa, matar Yaya har ƙawayenta take kawowa su gani. Sai wata rana ina gyara masa matashi na kwantar da kaina kusa da nasa, na ga abin da shi yake gani. Duhun nan da kika zuba a ƙasa shi ne daidai fuskarsa. Hanyar na can wajen rufi, ta koma kamar tsanin da ya faɗi. Itacen a kwance yake, ya fito daga gefe. Bokitin kuwa sai ya murɗa wuya zai hango shi, wuyan kuma ba ya murɗuwa. Tsagar ma da yake hira da ita an shafe ta. Yanzu ya sa na rataya tsohon zanin gado a bangon, shi yake kallo.

Ba raina aikinki ya yi ba. Amma tun ranar bai sake cewa in ɗauko biro ba, ya kuma rage faɗa, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ki yi wani abu. Ke ce mai zane, ni ɗinki na iya.

Sakatariya.

*

Zuwa ga Kawu, ta hannun Sakatariya, kada kuma ta tsallake ko layi ɗaya,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu, sannu ta gaskiya wannan karon. Kada ka yi mata faɗa. A bakin injin buga yadi na karanta takardarta, na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na koma kan fure. Kunya ta ishe ni, haushinka ma ya ishe ni. Kai ka koya min kafin a ɗora burushi a tambayi daga ina mai kallo zai kalla, mai tafiya a ƙasa ne ko na cikin mota. Ban tambaya ba, kai ma ba ka faɗa ba. Mun yi kunnen doki.

Na sake neman hutu, na ce kawuna ne ba lafiya. Shugabar ta ce, "Kawu? Da mahaifi ne da an duba." Kafin in yi mata bayanin wanda ya fara sa min burushi a hannu, har ta koma kan aikinta. In kuma na tafi ba izini, takardar zamana a ƙasar nan a hannun kamfanin take.

Ga sabon zane. Na ja katifata na kwanta ta dama ina fuskantar bangon ɗakina, na manna takarda, a haka na zana shi, har wadda muke haya tare ta tambaya ko aljanu ne. A faɗa wa mai fenti: saman hoton na wajen kan gado, ƙasansa wajen ƙafa. Layin da sama ke haɗuwa da ƙasa zai miƙe tsaye daga daɓe zuwa rufi. Zai ce an yi kuskure, a ce masa ya yi haka nan. Kafin ya fara, ya riƙa yawo da yatsa a bangon har ka ce masa tsaya, inda idonka ya sauka ba tare da ka motsa wuya ba. Nan bokitin zai zauna. Na rage duhun, na ƙara fili, na sa shuɗin ya riƙa dusashewa har ya kusa zama fari a wajen tudun, don nisa ya ƙaru. Hanyar kuma daga wajen ƙafafunka za ta taso.

Ba'a ba ta cikin abin da na koyo a nan, Kawu. Ba su ma iya ta ba.

'Yarka.

*

'Yar gwaggo mai aljanu,

Muna gaisuwa, da fatan wuyan ya saki. Labari biyu ne, bari in fara da wanda zai sa ki fasa kai.

An yi. Mai fenti ya yi ta gunaguni, wai da tsufansa za a sa shi zana duniya a kwance, mutane su ce ya fara shaye-shaye. Baba ya ce masa, "Kwanta ka gani." Dattijo da furfurarsa ya kwanta a bakin gadon, ya daɗe, ya tashi ya ɗauki burushi. Masu dubiya yanzu da karkataccen wuya suke fita. Yaya ya ce an mayar masa da ɗaki gidan mahaukata. Baba kuwa ya dawo. Yana ci, yana faɗa, ya ce shuɗinki ya yi, itacen ya ɗan yi ƙiba amma ya yafe. In na shigo da safe sai ya ce, "Yau na kai bayan tudun." In na ce me ke can, ya ce ba a gaya wa masu ƙafa.

To ga ɗayan. Kwanciya a gefe ɗaya ta buɗe masa ciwo a ƙugu. Da ma nas ɗin da ke zuwa tana ta faɗa a riƙa juya shi. Da yana yarda ko da ƙyar, yanzu ya ƙi sam. In an juya shi hagu, hancinsa na kusan taɓa ɗaya bangon, hoton na bayansa. Ɗakin ba shi da faɗin da za a ja gadon tsakiya, ƙofa ba za ta buɗu ba. Mun gwada juya gadon, kai ya koma ƙafa, sai hoton ya zame masa a kife, ya ce amai yake ji. Ciwon ya fara ruwa, nas ta kira ni waje ta ce in ya kai ƙashi ba ruwanta. Yaya ya ce shi zai kawo ƙarshen abin, zai sa a shafe bangon da fari, in ba abin kallo ai dole ya juyu. Baba ya ji, ya ce duk wanda ya taɓa bangon nan bai yafe ba.

Na rasa inda zan sa kaina. In an bar shi, ciwo ya ci shi. In an shafe, ya koma yadda yake da, ba ci ba magana. Yaya ba zai daɗe yana jira ba. Ke kika ɗaura wannan, sai ki kwance.

Sakatariya.

*

Sakatariya,

A gaida Kawu, a ce ina nan ina addu'a. A tsaye nake rubutu lokacin cin abinci, ki yi haƙuri da hannun, yau na bi sahunki.

Kada a shafe. A samo babban madubi mai tsawo, irin na shagon ɗinkinki, a kafa shi a kwance a bangon da yake fuskanta in an juya shi hagu. Hoton zai faɗo ciki, samansa na wajen kai yadda yake, hanyar ce kawai za ta lanƙwasa ta ɗaya hannun. Har nisa zai ƙaru, don madubi na ninka ɗaki. Na gwada a takarda, ga shi na zana miki: bango, madubi, ido, da layin da ya haɗa su. Ya fita daidai. Ki gaya masa in ji ni, yanzu hanya biyu gare shi, ta dama da ta hagu, don Allah ya bari a juya shi.

An ce littafin samfur ya kusa. Na daina yarda da "ya kusa", amma ga shi na rubuta.

Mai Gawayi.

*

Zuwa ga Mai Gawayi,

Sallama. Na ce wa mai rubutu yau ta rubuta yadda na faɗa, in ta yi kuka ta goge takardar ta ci gaba. Jiki ba sauƙi. Ciwon ƙugu dai ya fara bushewa, don na bari ana juya ni, nas har murmushi ta yi min. Yayanku ya fasa shafe bango. Wannan duk aikinki ne, Allah ya yi miki albarka.

An kafa madubin. Taubashiyarki ta yi ta jan ƙafa kafin ta kawo shi, ban gane dalili ba sai da aka juya ni. A 'yar takardar da kika aiko kin sa bango, kin sa madubi, kin sa ido guda yana shawagi shi kaɗai a iska. Kin manta idon nan a jikin mutum yake, mutumin kuma yana tsakanin madubin da hoton. Ni ma da aka nuna min ban lura ba, na ce ya yi.

Hanyarki na nan a ciki, da tudun, da rabin itacen. Bokitin ba na ganinsa, an tare shi. A gaba kuwa, daga wannan baki zuwa wancan, wani tsoho ne kwance. Bakinsa ya karkace, fatar ido ɗaya ta sauko, yawu na bin gefen gemunsa, hannu ɗaya a naɗe a ƙirji kamar ba nasa ba. Na ce wa taubashiyarki, "Wane ne wannan aka kwantar min a hanya?" Wallahi da gaske na tambaya. Tun da na faɗi ba wanda ya nuna min fuskata, ashe shawara suka yi.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi. Duhu a gaba, haske a nesa, abu ɗaya ya rinjayi komai, ido na shiga a nan yake sauka. Sai dai ba ya wucewa. Na gwada in zagaye shi in hau hanyar, ya ƙi ba ni wuri. Yanzu na san abin da masu dubiya ke gani, na gane dalilin da suke ɗaga murya suna fara'a suna satar kallon ƙofa. Na ji tsoro, 'yata.

Taubashiyarki ta ce a cire madubin, na ce a bari. Rabin yini ina bayan tudu, rabin yini ina tare da shi, a hankali muna sabawa.

Kada ki sake aiko zane, bangon ya isa haka. Ban san yadda za ki yi da mutanen kamfaninki ba, na kuma san abin da zan roƙa ba ƙarami ba ne. Amma na dubi mutumin nan da kyau, kuma in aiki ya kusa ƙarewa ina ganewa. Ki zo tun da sauran abin da za ki gane.

Kawunki.